Babbar Na'ura da Haƙoran Mai Jan Baƙi

Ina buɗe bakina da sunan Allah, wanda Ya halicci bakin, Ya jera masa haƙora, Ya sa masa harshe, Ya kuma yi alkawarin tambayarmu abin da muka yi da su. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, wakilan iyayenmu masu riƙe da sarautun ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, Allah Ya ja zamaninku, limamanmu da malamanmu, Allah Ya gafarta muku, shugaban kwamitin walwala na wannan ƙungiya tamu ta zumunci, Alhaji Malami, da 'yan kwamitinsa, manoman albasa da dillalanta, waɗanda suka baro fadama ana tsakiyar cira suka zo, iyayenmu mata da ke can ƙarƙashin rumfar baya, matasanmu, da duk wanda ya ji lasifika ya tsaya da babur ɗinsa a bakin hanya, ina yi muku sallama irin ta Musulunci. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da Ya sake tara mu bana kafin azumi, kamar yadda muka saba. Ina godiya ga shugabanni da suka sa sunana cikin masu magana. Ina godiya ga mutanen Jega da suka share fili, suka kafa rumfa, suka ɗora tukunya. Allah Ya biya kowa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Aliyu Sabo na Alelu, tsohon duba-gari. Na ƙare ƙuruciyata ina leƙa masai da randunan mutane, ina faɗin abin da mai gida ba ya son ji. Akwai gidajen da har yau in na wuce, tsofaffin mata kan ja tsaki. Gwamnati ta sallame ni, amma bakin nan bai karɓi takardar sallama ba, saboda haka wanda ya zo jin daɗi yau, ya yi haƙuri da ni.

Abin da aka ce in yi magana a kai shi ne wata na'ura ta zamani, wadda ke fesa siririn ruwa da ƙarfi tsakanin haƙora, ta wanke abin da asuwaki da buroshi ba sa kaiwa. Kwamiti yana son raba ta ga dattawan malamanmu. Iri biyu ce: akwai babba wadda ake girkewa kan tebur a jona ta da wuta, akwai ƙarama ta hannu wadda ake yi wa caji kamar waya. Aka ce in bayyana wa jama'a wadda ta fi dacewa, kuma in taƙaita. Zan bayyana. Taƙaitawa ce ban yi alkawari ba, domin ni wannan magana ba maganar na'ura ba ce kawai. Magana ce ta haƙoran gaba na Alaramma Abdulhadi, da ko zai zauna ya ja baƙi a tafsirin bana.

Babu wanda ke wurin nan da zan gabatar wa Alaramma Abdulhadi, sai dai baƙo. Shi ne wanda in azumi ya kama yake zama gefen mai tafsiri, ya karanto aya da Larabci, malam ya fassara. Tun kafin a kawo lasifika masallacinmu muryarsa ke kaiwa sahun ƙarshe. Da yawanku a kafaɗar iyayenku kuka fara jin ta. Malamai da ke zaune a gaba sun fi ni sanin cewa akwai haruffan Alƙur'ani da ba sa fita daidai sai harshe ya taɓa haƙoran gaba, akwai kuma wanda sai haƙori ya sauka kan leɓe. Mai jan baƙi in ya rasa haƙoran gaba, ya rasa kayan aikinsa. Shi kuwa mutum ne da ba zai yarda ya karanta wa jama'a harafi ɗaya a karkace ba, ko da duk duniya ta ce masa ba komai.

Abu na farko, ainihin ciwon. Jama'a, dasashi mai lafiya ba ya jini. Ina maimaitawa, domin na san rabinku kun ga ja a bakin asuwakinku da safiyar yau kun ce asuwaki ne ya kama. Ba kamawa ya yi ba, ciwo ne. Abinci kan maƙale tsakanin haƙora, datti ya taru a gindinsu ya daskare, dasashi ya kumbura, ya riƙa ja da baya, ƙashin da ke riƙe da haƙori ya riƙa zaizayewa a hankali. Mugun abin shi ne ba ya zafi sai ya gama ɓarna. Ku mutanen Aliero kun san albasar da ke kan rudu, gadon ajiyarta, wadda ɓawonta ke sheƙi, sai ka ɗaga ka ji yatsanka ya nutse a gindinta. Haka wannan ciwo yake. Muna iya kwana a asibiti saboda zazzaɓi, amma haƙori sai ya fara rawa muke tuna yana da likita.

Abu na biyu, kunyarmu. Alaramma ya daɗe da wannan ciwo, kuma ba ɓoyayye ba ne. Almajiransa manya sun ga ƙyallen da yake goge baki. Masu gaishe shi kusa da kusa sun ji abin da suka ji, suka kau da kai da ladabi. A wajen taron suna in an miƙo masa nama sai ya sa albarka ya tura gaba, mu kuwa muna cewa gudun duniya ne. Goro ma sai an goga masa a magoji. Kowa ya gani, kowa ya yi shiru, domin wa zai dubi mahaddacin Alƙur'ani ya ce masa bakinsa na wari? Girmamawa ce, na sani. Amma wannan girmamawa ta zauna ta zuba ido ƙashin bakin mutum yana narkewa.

Ni ne na faɗa masa, kuma ba don na fi kowa zuciya ba. Taubashina ne, mahaifiyata ƙanwar mahaifinsa ce, saboda haka akwai abin da al'ada ta halatta mini da ta haramta muku. Na same shi a zauren gidansa a Alelu, na zauna, na faɗa masa ba tare da na shafa wa maganar mai ba. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce:

"Kai bawana, ka ƙare leƙen masai, yanzu bakina kaka leƙe?"

Na ce masa masai ma in an kula da shi yakan daɗe. Muka yi dariya. Amma da dariyar ta lafa sai ya sa yatsa ya taɓa haƙorinsa na gaba, na ga ya motsa. Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce ya jima da sani, abin da ya hana shi magana shi ne tsoron a ce masa a cire.

Na ɗauke shi muka je wajen likitar haƙori, wata baiwar Allah mai haƙuri. Ta kankare masa dattin da ya daskare, ta duba, ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce turame na baya wasu sun riga sun tafi, babu dawowa. Na gaba kuwa suna rawa, amma akwai sauran abin da ke riƙe da su, kuma ana iya tsayar da ɓarnar in za a riƙa wanke tsakaninsu kullum, ba fashi, a riƙa kuma dawowa tana dubawa. Ta gwada masa zaren sakace, sai ga shi hannunsa na rawa irin ta shekaru, yana yanka dasashin. Shi ne ta ce a samo masa na'urar ruwa, ya haɗa da asuwakinsa da buroshi. Na tambaye ta wacce, babba ko ƙarama. Amsar da ta ba ni ita ce duk ilimin da ke cikin jawabina na yau. Ta ce:

"Baba, wadda zai iya ɗauka kullum, ita ce mai kyau."

Abu na uku, bambancinsu, tunda shi aka kira ni in faɗa. Ba zan zalunci babbar ba. Tana da tanki mai ɗaukar ruwa da yawa, cika ɗaya ya isa a wanke baki duka. Ruwanta ya fi ƙarfi, kuma akwai inda ake murɗawa a rage ko a ƙara, yadda mai dasashi mai rauni zai fara a hankali. Ba ta da batirin da zai mutu. Mutanen gida na iya yin tarayya a kanta, kowa da nasa kan feshin da zai ɗaura mata. In mutum yana da wuta tsayayya, yana da banɗaki mai tebur da kwamin wanke hannu, kuma kullum a gidansa yake kwana, to ita ta fi, ban musa ba. Amma tana son abu uku a lokaci ɗaya: wuta, da wurin girkewa kusa da inda ruwa zai zuba, da mutum mai zama wuri ɗaya.

Ƙaramar kuwa tana da nata aibi, shi ma ba zan ɓoye ba. Cikinta kaɗan ne, sai ka sake cikawa kafin ka gama. Ƙarfinta bai kai na babbar ba. Batirinta zai gaji wata rana, in kuma aka manta ba a yi caji ba, ta zama sanda. Amma tana shiga aljihun babbar riga. Mai cajin waya na bakin kasuwa, da ɗan faifan solarsa, zai cika maka ita ta yi maka kwanaki. Kana iya tsugunawa inda kake alwala, ka cika ta daga buta, ka wanke bakinka, ruwan ya bi ƙasa. Ku manoma kun san injin ban-ruwa ya fi famfon goyo na feshi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ba wanda ke saɓa injin ban-ruwa ya bi kunya-kunya da shi. Dukansu biyu kuma suna son ruwa mai tsabta, kuma babu wadda ke maye gurbin asuwaki ko buroshi ko zuwa wajen likita.

To ku gaya mini, don Allah, a Alelu wace ce ta dace? A Gumbin Kure fa? A Sarandosa fa? Mu da wuta ke zuwa mana kamar baƙuwa, ba sallama, ta tafi ba bankwana? Mu da makewayinmu ba shi da tebur, ba shi da wurin jona komai, wani ma ba shi da rufi? Malaman da kuke son yi wa alheri, wane ne cikinsu ke wata guda a gidansa? Yau saukar karatu a Maiyama, gobe ɗaurin aure a Aliero, jibi ta'aziyya a Jega. Wannan tambaya ba ta buƙatar duba-gari. Yaron goye ma in ka nuna masa gidajenmu zai nuna maka ƙaramar.

Abu na huɗu, yadda muka yi bara. Da labarin Alaramma ya kai kunnen kwamiti, suka ce ba zai yiwu wani mutum ɗaya ya saya masa ba, hidimar Alaramma hidimar jama'a ce. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai. Aka sa aka kawo samfurin duka biyun, aka zauna a kai, aka kira ni. Alhaji Malami yana nan zaune, in na ƙara gishiri ya tsayar da ni. Ya ɗauki ƙaramar ya jujjuya ta, ya ce wannan ai tocila ce. Ya ce ba za a tara sarakuna da malamai na ƙananan hukumomi uku ba, a kira mutum kamar Alaramma gaban jama'a, a miƙa masa abin da ake riƙewa da yatsu. Ya ce kyautar babban mutum sai wadda ake karɓa da hannu biyu.

Alhaji, ina shaida gaban Allah da gaban jama'a, ba da mugunta ka faɗa ba. Don girman Alaramma ka faɗa, kuma kowa a ɗakin ya gyaɗa kai. Na ce babu wuta tsayayya a gidan. Aka ce za a sa masa sola. Na ce babu inda za a girke ta. Aka ce za a gyara banɗaki. Na ce mutumin nan ba ya zama. Aka ce ai ya kamata ya fara hutawa. Na ce haƙori ba ya jiran kwamiti. Aka yi dariya, aka ce Aliyu Sabo dai ba ya canzawa. Aka sayi babbar.

A irin wannan taro, a wannan fili, aka kira shi. Kun tuna. Kwali ne guda mai hoton wata Baturiya tana murmushi, aka naɗe shi da kirtani mai sheƙi. Ya karɓa da hannu biyu kamar yadda aka so. Aka yi kabbara, aka ɗauki hoto, masu waya suka watsa. Na ga idonsa ya kawo ruwa don jin daɗin an tuna da shi. Ni kaɗai na koma gida ran nan da baƙin ciki, har na fara zargin kaina ko hassada ce.

Abu na biyar, kuma shi ne mai ciwo. Na'ura ta isa gida. Matarsa, Malama Hindu, ta share mata wuri a saman kabad, ta lulluɓe ta da ƙyalle mai ado don ƙura, duk baƙon da ya zo a buɗe a nuna masa kyautar jama'a. Wuta ba ta zo ba. Ran da ta zo, Alaramma yana Maiyama. Sola kuwa, aka ce sai an sayar da albasa. Aka sayar, aka ce sai bayan Sallah. Bayan Sallah aka ce damina ta kama, kowa na gona.

Sau ɗaya na matsa masa muka ɗauko ta muka kawo Jega, shagon wani mai aski da ke da janareto. Aka jona, aka kawo roba aka ajiye masa. Ku hango min wannan, jama'a: dattijo mai rawani, wanda ake durƙusawa a gaishe shi, ya sunkuya kan roba baki buɗe, ruwa da jini na dalala a gemunsa, masu jiran aski sun miƙe tsaye don ladabi, sun rasa inda za su sa idonsu, masu wucewa na leƙowa. Ya gama, ya goge bakinsa, ya yi wa mai shago addu'a. Muka kama hanyar gida. Ban sake neman ya je ba, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Sai na ce to, bari in bi ta bayan gida. 'Yata Rahma tana aikin jinya a Sakkwato, na sa ta samo mini ƙaramar. Na yi mata caji, na sa a aljihu, na kai masa da murnata. Na cika ta daga butarsa, na nuna masa yadda ake yi. Ya karɓa, ya duba, ya yaba. Sannan ya miƙo mini abata. Na ɗauka wasan taubasai ne. Ya ce:

"Aliyu, jama'a sun taru sun ba ni tasu gaban sarakuna. In na ɗauki taka, na ce musu tasu ba ta yi ba. Ba ni raina kyautar jama'a."

Na ce ba wanda zai sani, a ɗaka zai riƙa yi. Ya ce shi zai sani. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira shi da sunayen da ni kaɗai ke da izinin kiransa da su. Na bar ta a kan buzunsa na tafi, washegari ya aiko mini da ita har gida. Malama Hindu ta sa baki, ya ce ta bar maganar. Wanda ya san Alaramma ya san in ya ce a'a a kan abin da yake ganin mutunci ne, an gama.

Na koma wajen kwamiti. Na ce ga yadda za a yi: ku karɓi ƙaramar nan daga hannuna, ku kai masa da sunan jama'a, ku ce ƙari ce, ko sunana kada a ambata. Abin da nake roƙo ke nan, tafiyar mutum biyu zuwa Alelu da kalma ɗaya. Aka ce abin da aka bayar a bainar jama'a ba a gyara shi a ɓoye, kuma in aka kai wata yanzu, za a ce kwamiti ya yi kuskure da farko. Aka ce a bari sai taro na gaba a duba. To ga taro na gaba, mun zo.

Kun ga yadda muka yi? Ba wanda ya ƙi Alaramma. Da ƙiyayya ce, da na san da wanda zan yi faɗa. Masu shiru sun yi shiru don girmansa. Kwamiti ya zaɓi babba don girmansa. Shi ya ƙi ƙarama don girman jama'a. Kwamiti ya ƙi gyarawa don girman kwamiti. Kowa yana tsare mutuncin wani, kowa hannunsa a wanke, haƙora kuwa suna ta rawa har damina ta wuce, kaka ta wuce, aka dasa albasa, ga shi ana cira.

Na so in rufe da shawara, in ce muku ku sayi ƙananan, ku haɗa kowane malami da wanda zai riƙa kai masa caji, ku sa a kai su wajen likita a kankare musu tukuna. Na kwana biyu ina shirya wannan magana. Amma da na iso ɗazu, na bi ta bayan rumfar manyan baƙi don in gaida jama'a, sai na ga abin da aka jera aka rufe da leda. Iska ta ɗaga gefe ɗaya. Kwalaye ne manya, irin na bara, da hoton Baturiyar nan da murmushinta. An riga an saya. Ashe ba shawara aka kira ni in bayar ba, an kira ni ne in cika lokaci kafin a fara rabo.

Ban yi fushi ba, Alhaji. Da ina da sauran ƙarfin fushi da na yi. Gajiya na yi. Na yi shekara da shekaru ina cewa a rufe rijiya, a nisanta masai da randa, a wanke hannu, ana ba ni ruwa in sha, ana raka ni bakin ƙofa, ana komawa yadda ake. Na ɗauka in abin ya taɓa wanda dukanmu muke ƙauna za mu ji. Yau na gane ba za mu ji ba. Nan da an jima za a kira malamai ɗaya bayan ɗaya, za su karɓa da hannu biyu, za a yi kabbara, matansu za su share saman kabad. Ba ni da wata dabara da ta rage. Abin da kawai zan roƙa, ku malaman da za a kira, in wani naku ya kawo muku ƙarama daga baya, ku karɓa. Ba raini ba ne. Wallahi ba raini ba ne.

Saura saƙo. Cikin makon nan na mayar da Alaramma wajen likita, domin ya kai ko tuwo sai an dama masa. Ta duba da kyau. Sannan ta ce ƙashin ya tafi, babu abin da ke riƙe da na gaban sai tsoka, kuma akwai ruwa a gindinsu wanda in aka bari zai iya zame masa wata cutar. Sai an cire, na sama da na ƙasa. Na tambayi haƙoran roba. Ta ce sai wurin ya warke ya zauna, sannan a auna, sannan harshe ya koyi zama da su, kuma wannan ba aikin kafin azumi ba ne. Na ce ko za a jinkirta har bayan Sallah. Kafin ta amsa, shi ya amsa. Ya ce ba amfani, ya gwada karatu shi kaɗai a ɗaka, ya ji abin da ke fita, kuma ba zai kai wannan gaban jama'a ba.

Jibi za a cire. Shi ya sa ba ku gan shi a nan ba.

Ya ce in gaida shugabanni, in gaida jama'a. Ya ce in yi wa kwamiti godiya, kuma na yi. Ya ce a nemi wani mai jan baƙi tun yanzu, kada azumi ya kama ana dabur-dabur, kuma duk wanda aka zaɓa a mara masa baya, kada a riƙa gwada shi da wanda ya gabata. Na ce masa shi ke nan saƙon? Sai ya ce:

"Ka ce musu zan riƙa zuwa tafsiri. A bar mini wuri can baya, kusa da ƙofa. Kuma don Allah kada kowa ya miƙo mini lasifika, ko da ta addu'a ce."

Na isar. Tun da aka kafa wannan ƙungiya shi ke yi mana addu'a a irin wannan wuri, yau ga shi ta faɗo kan duba-gari. Ku ɗaga hannu, ku yi haƙuri da muryar da ta samu.

Ya Allah, Ka sauƙaƙa wa bawanKa Abdulhadi abin da zai fuskanta jibi. Ka sanyaya masa zuciya ranar da zai ji wani yana karanta ayar da ya saba buɗewa da ita. Abin da ya karanta mana tsawon rayuwarsa, Ka sa ya tsaya masa ranar da baki ba ya magana. Ya Allah, Ka ba malamanmu lafiya, Ka ba shugabanninmu basira, Ka sa albarka a albasarmu da hatsinmu. Ka kai mu azumi, Ka karɓa mana. Ka yafe mana abin da muka ɓata muna zaton gyara muke yi. Ka mayar da kowa gidansa lafiya, na Jega da na Aliero da na Maiyama, da na ƙauyukan da ke tsakani.

Mai girma shugaba, na ci lokaci, a gafarce ni. Ga lasifikarku, a ci gaba da rabo.

Na gode.